Tsakanin Hisabi da Asiri: Muhammadu Alkashinawi, Masanin Taurarin Katsina

A shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741, wani malami Bakatsine ya rasu a birnin Alƙahira, a gidan Shehu Hasan al-Jabarti. Kafin ya cika ya naɗa mai gidan wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar malamai da ke sashen Mujawirina, ya gina alama a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Sunan shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, wato Bafulatanin Katsina.

Wanda ya adana wannan labari ɗan mai gidan ne, Abdurrahman al-Jabarti, babban marubucin tarihin Masar, wanda aka haifa kimanin shekara 13 bayan rasuwar baƙon. A littafinsa Aja'ibul Asar ya jera Alkashinawi cikin manyan malaman da suka rasu a wancan zamani, ya kuma faɗi abin da ya cancanci a tsaya a kansa: mahaifinsa, wanda duk Alƙahira ta san shi da ƙwarewa a ilimin falaki da lissafi, a hannun wannan Bakatsine ya ɗauki ilimin hatimai da lissafin haruffa.

A yau masu ambaton Alkashinawi sun kasu gida biyu. Wasu sun mai da shi gwarzon kimiyyar zamani, suna yabon lissafinsa, suna kauce wa faɗar cewa littafinsa mafi girma a kan ɗalasimai yake. Wasu kuma da zarar sun ji sunan littafin sai su ce ai ɗan duba ne, su wuce. Kowane ɓangare ya ɗauki rabin mutumin ya yar da rabi, alhali darasin da ke cikin rayuwarsa yana daidai inda rabi biyun suka haɗu.

Katsinar da ya tashi a ciki

A ƙarni na 17 da na 18 Katsina tana kan ganiyarta. Bayan rundunar Maroko ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591, kaso mai yawa na fataucin Sahara ya karkato gabas, zuwa ƙasar Hausa da Barno. Katsina ta zama babban zango ga ayarin da ke bi ta Agadas zuwa Gat da Gadamas da Tarabulus, kuma takarda da littafi suna cikin kayan da raƙuma ke saukewa. Ilimi kuwa ya riga ya yi saiwa a birnin. Shehu Maghili ya zo Katsina a ƙarshen ƙarni na 15, Jalaluddin Suyuɗi ya rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha daga Masar, sa'an nan ƙarni na 17 ya ga Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Cikin laƙabobin Alkashinawi akwai al-Danrankawi, wanda ke danganta shi da garin Ɗan Ranko a ƙasar Katsina.

Al-Jabarti ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu tun yana ƙasarsa. Akwai Muhammadu al-Wali, malamin Bagarmi da ya yi suna a ilimin tauhidi, da Shehu Hashimu, da Shehu Muhammadu Fudu, da Shehu Muhammadu Bindu. Ya lizimci Fudu kimanin shekara 4, a gida da kan hanya, yana karatun nahawu da sarfu da adabi. Malamin ya fara yi masa laƙabi da mai Maƙamatu, saboda yadda ya haddace su, daga baya da ya ga ƙwarewarsa a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi.

A wurin Bindu ne ya sami abin da ya fitar da sunansa: hisabi, da ilimin lokuta bisa hanyar malaman Magrib, da ilimin haruffa da hatimai. Amma a gaban wannan malami ɗaya ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi da aƙidun Sanusi, ya saurari Sahihul Buhari, ya karanta kashi uku cikin huɗu na Muhtasar Halil. Wannan jeri shi kaɗai ya isa ya nuna yadda zauren ilimi yake a lokacin. Malamin da ke karantar da Buhari shi ne ke koyar da auna inuwa, shi ne kuma ke koyar da cika gidajen hatimi. Rabe-raben da ɗan boko na yau ya saba da su, na kimiyya daban, addini daban, tsibbu daban, ba su riga sun zama katanga ba.

Abin da ya sa ake karatun sama

Al'ummar da ba ta da agogo ko kalandar bango ba ta iya rabuwa da sama. Buƙatu huɗu ne suka sa ilimin taurari ya zama wajibi a zaurukan malamai: lokacin salla, da alƙibla, da tsayuwar wata, da lokacin shuka.

Lokacin Azahar yana shiga idan rana ta gusa daga tsaka. Na La'asar, a mazhabar Malikiyya, yana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage masa a lokacin zawali. Matsalar ita ce inuwar zawali tana sauyawa daga wata zuwa wata, kuma daga gari zuwa gari. Katsina tana kusan digiri 13 arewa da layin ikwaita, Zuru kuma tana wajen digiri 11 da rabi. A irin waɗannan garuruwa rana tana tsayawa daidai bisa kai sau biyu a shekara. A Zuru hakan na faruwa wajen 20 ga Afrilu da kuma wajen 23 ga Agusta: a ranakun nan sandar da aka kafa a tsaye takan rasa inuwa da rana tsaka, a tsakaninsu kuma inuwar tana faɗawa kudu. Alƙahira tana digiri 30, can bayan iyakar da rana ke kaiwa a tafiyarta ta arewa, saboda haka inuwar zawali a can kullum arewa take faɗawa. Ke nan jadawalin inuwa da aka lissafa wa Alƙahira ko Fas, in aka kwafo shi aka yi aiki da shi a Katsina yadda yake, zai sa ladan ya kira salla ba a kan lokaci ba. Dole wani ya san ƙa'idar da aka gina jadawalin a kai, ya sake lissafa shi wa garinsa.

Haka batun alƙibla yake. Bahaushe yakan ce ya fuskanci gabas idan zai yi salla, amma Ka'aba ba ta gabas sak daga ƙasar Hausa. Daga Katsina sai an karkata kimanin digiri 20 daga gabas zuwa arewa, daga Zuru kuma an ɗara haka kaɗan. Wanda ya isa Alƙahira kuwa kudu maso gabas zai fuskanta. Mai kafa harsashin masallaci yana buƙatar wanda ya san wannan.

Manomi kuma watan Musulunci ba ya gaya masa lokacin shuka, domin shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, watanni suna zagaya damina da rani. Don haka malamai suka riƙe lissafin masaukan wata guda 28, waɗanda a ƙasar Hausa ake kira taurari. Kowane tauraro yana da kwana 13, in ban da Jabha mai 14, jimla kwana 365. An raba su bakwai-bakwai ga bazara da damina da kaka da ɗari. Har yanzu a karkara ana samun dattijon da zai ce an shiga Zira'a ko Nasara ko Ɗarfa, ya faɗi irin ruwan da ake sa rai da shi. Wannan lissafi na Larabawa ya zo ya tarar da sunayen da Hausawa suka riga suka raɗa wa taurarinsu, irin su Gamzaki da Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta, suka zauna tare.

Duk wannan ilimi ne da ake iya gwadawa. In malami ya yi kuskure a lissafin inuwa, sandar da ke tsakar gida za ta tona shi. Shi ne ginshiƙin farko na karatun Alkashinawi.

Hanyar gabas

Da ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar hajji, ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A wani zango ya yi wata 5 wurin wani malami yana karatun ramli, wato bugun ƙasa, da wasu littattafan hisabi. Al-Jabarti ya ce ya rubuta labarin wannan tafiya tasa. Ya yi aikin hajji a shekarar 1142, wato 1730, ya zauna a Makka na wani lokaci.

Ga mai ilimin lokuta, irin wannan tafiya karatu ce da kanta. Tauraron arewa, wanda a Katsina yake kusan digiri 13 sama da bakin ƙasa, yana ɗagawa zuwa kusan 21 a Makka da 30 a Alƙahira. Tauraron Suhailu kuma, mai haske a kudu, yana yin ƙasa har ya kusa taɓa bakin sama. Hatta lissafin haruffa yana sauyawa. Malaman Magrib da na ƙasar Hausa suna ba harafin shinun ƙimar 1000, sadi 60, sinun 300. Mutanen gabas kuwa gainun ne 1000 a wurinsu, sinun 60, shinun 300. Shekarar da ya rasu, 1154, in an rubuta ta da ramzi a Katsina da shinun za a fara, a Alƙahira kuwa da gainun. Wanda zai koyar da Bamisire abin da ya koyo a Katsina sai ya mallaki hanyoyin biyu.

A gabatarwar littafinsa babba ya faɗi wani gargaɗi da aka yi masa tun kafin ya bar gida: idan ya isa ƙasashen gabas, musamman Makka da Madina, kada ya bari kowa ya san yana da ilimin haruffa ko na ramli, domin ana yawan amfani da su a can wajen ɓarna da haddasa fitina tsakanin mutane. Wannan ya nuna cewa masu ilimin da kansu sun san hatsarinsa, kuma sun san yadda jama'a ke kallon mai shi. Duk da haka a Makka ya fara rubuta littafin, ya kammala shi a Alƙahira a watan Rajab na 1146, daidai da ƙarshen 1733 zuwa farkon 1734. A Alƙahira ya fara zama a unguwar Darbul Atrak, kusa da Azhar, kafin kwanansa ya ƙare a gidan al-Jabarti.

Hatimi a matsayin lissafi

Littafin da masana lissafi suka fi sanin sa da shi shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya gama a 1145, wato wajen 1732. Batunsa ilimin haruffa ne da aufaƙi, abin da Hausawa ke kira hatimi. Duk wanda ya taɓa buɗe laya ya ga irinsa: murabba'i mai gidaje, an cika su da lambobi. Mafi ƙanƙantarsa mai gida uku-uku ne:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Kowane layi, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jimlarsa 15 ce. Lambobin da ke kusurwoyi huɗu, 2 da 4 da 6 da 8, in an mai da su haruffa su ne ke ba da kalmar buduhu da malaman tsibbu suka sani.

Ba da lalube ake cika shi ba. Ga wata sananniyar ƙa'ida ta hatimai masu gidaje mara, wato 3 ko 5 ko 7 ko 9. A sa 1 a tsakiyar layin ƙasa. Daga nan kowace lamba ta gaba tana sauka gida ɗaya ƙasa, ta matsa gida ɗaya dama. In matsawar ta fitar da ita daga murabba'in ta ƙasa, sai ta shigo ta sama. In ta fita ta dama, sai ta shigo ta hagu. In gidan da za ta shiga a cike yake, sai a ɗora ta bisa lambar da ta gabace ta. Wanda ya bi wannan da alƙalami zai ga hatimin da ke sama ya fito, kuma ƙa'idar ba ta kuskure ko da gidajen 99 ne a kowane gefe. Jimlar layi ma tana da tata ƙa'ida: a ninka yawan gidajen gefe da kansa, a ƙara 1, a ninka da yawan gidajen gefen, a raba biyu. Mai gida 3 zai ba da 15, mai 4 ya ba da 34, mai 5 ya ba da 65, mai 7 ya ba da 175, mai 9 ya ba da 369.

Irin waɗannan hanyoyi na gina hatimai masu gidaje mara Alkashinawi ya tsara ya bayyana, yana kuma ƙarfafa wa ɗalibi gwiwa kada ya yanke ƙauna in aikin ya cije masa. A wancan zamani batun yana jan hankalin masana a wurare masu nisa da juna. A 1691 jakadan Faransa Simon de la Loubère ya buga wata hanya mai kama da wadda aka bayyana a sama, wadda ya koyo a tafiyarsa ta Siyam. A 1693 aka buga aikin Frénicle de Bessy da ya nuna cewa hatimai masu gida huɗu-huɗu iri 880 ne. Na masu gida biyar-biyar kuwa sai a 1973 aka ƙidaya su da kwamfuta, suka kai 275,305,224. Bakatsinen yana aiki ne a kan matsalar da manyan masana lissafi na zamaninsa da na bayansa suka ɗauka da gaske.

Inda taurari suka shigo

A tunanin mutanen da, hatimi ba wasa ƙwaƙwalwa ba ne kawai. An danganta kowane girma da ɗaya daga taurari bakwai masu tafiya: mai gida 3 na Zuhalu, 4 na Mushtari, 5 na Mirrihu, 6 na Rana, 7 na Zuhura, 8 na Uɗaridu, 9 na Wata. Ana ganin hatimi ba ya aiki sai an rubuta shi a sa'ar da ta dace da tauraronsa. Don haka mai wannan sana'a yana buƙatar sanin burujin da kowane tauraro yake ciki, da masaukin da wata ya sauka, da sa'ar rana ko ta dare. A nan ne hisabi da asiri suka sarƙe: neman asirin yana tilasta wa mai shi ya ƙware a hisabin.

Littafinsa babba, Addurrul Manzum, a kan wannan yake. Taƙaitawa ne da sharhi ga Assirrul Maktum na Fahruddin Razi, malamin tafsirin nan da ya rasu a farkon ƙarni na 13, kuma Alkashinawi ya tsara shi a kan gabatarwa da manufofi biyar da kammalawa. Littafin Razi ya daɗe yana shan suka daga malamai irin su Ibn Taimiyya da Zahabi. Muhawarar ta girmi Alkashinawi da ɗaruruwan shekaru. Malaman fiƙihu sun raba ilimin taurari biyu: na tafiyarsu, wanda ake sanin lokaci da alƙibla da hanya da shi, wannan halal ne, wani sashensa ma farilla ne a kan al'umma, da na tasirinsu, wato da'awar cewa matsayin tauraro yana juya al'amuran mutane ko yana bayyana gaibu, wannan kuwa mafi yawansu sun hana shi. Imam Gazali ya yi gargaɗin cewa mai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini cutar da addinin yake yi, domin lissafin tabbatacce ne. Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe babi guda a Muƙaddimarsa don rushe duba da taurari.

A ƙasar Hausa ma hukuncin ya zo. Malaman jihadin 1804 sun yi kakkausar suka ga duba da tsafi, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta ɗan littafi, Tanbihu Ahlil Fuhum, yana kira a nisanci masu rufa-ido da masu duba da taurari. Ba a hana lissafin lokuta da na masaukan wata ba. Ya ci gaba a zaure da cikin waƙoƙin ajami. Hatimi kuma ya ci gaba a hannun masu rubutun sha da laya, amma a wurin da yawansu ya zama abin kwafa daga kundi, an riƙe siffar an saki ƙa'idar.

Adalci ga Alkashinawi shi ne a faɗi duka biyun. Da'awar cewa hatimin da aka rubuta a sa'ar Mushtari yana jawo arziki ba ta da hujjar da za ta tsaya a gaban gwaji, kuma malaman addininsa da yawa sun ƙi ta tun kafin kimiyyar zamani ta ce uffan. Ƙa'idojin da ya bayyana na gina hatimin kuwa daidai suke a 1732, daidai suke a yau, kuma ɗan sakandare a Zuru ko Yawuri zai iya tabbatar da su da fensir.

Takwarorinsa a wasu ƙasashe

Wannan cakuɗe ba na ƙasar Hausa ba ne ita kaɗai. Johannes Kepler, wanda ya gano cewa taurari masu tafiya suna zagaya rana a kan hanya mai siffar ƙwai, ya yi wa manyan mutane duban taurari, har da Wallenstein, babban kwamandan yaƙin Jamus. Isaac Newton, wanda ya buga littafinsa Principia a 1687, ya ɓata shekaru yana bin ilimin alkimiyya, na masu neman juya ƙarfe ya koma zinariya. Babu wanda ya jefar da dokokin Kepler saboda dubansa. Abin da aka yi shi ne tacewa: na baya suka riƙe abin da gwaji ya tabbatar, suka bar sauran.

Abin da ya ba Turai damar yin wannan tacewa kayan aiki ne da cibiyoyi masu ɗorewa. Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa zuwa sama a 1609. An kafa gidan nazarin taurari na Faris a 1667, na Greenwich a Ingila a 1675, da kuɗin hukuma, domin jiragen ruwa suna buƙatar sanin inda suke a teku. Ana auna sama kowane dare, a rubuta, a buga, wani ya duba ya gyara. Da haka Edmond Halley ya zana taswirar inda husufin rana na 1715 zai bi a Ingila tun kafin ya faru. A Indiya ma, a shekarun da Alkashinawi yake kan hanyar Makka da Alƙahira, Sarki Jai Singh na biyu yana gina manyan ma'aunan taurari na dutse a Delhi da Jaipur.

Duniyar Musulmi ta taɓa mallakar irin waɗannan cibiyoyi. Ulugh Beg ya gina tasa a Samarƙandi a ƙarni na 15, aka auna matsayin taurari 1,018. Taƙiyyuddin ya gina wata a Istanbul a 1577, aka rushe ta a 1580. A Alƙahirar da Alkashinawi ya tarar, ilimin falaki ya koma hannun ɗaiɗaikun mutane a gidajensu. Al-Jabarti ya ba da labarin wani gwamnan Usmaniyya, Ahmad Basha, da ya zo Masar 'yan shekaru bayan rasuwar Alkashinawi, ya tambayi shugabannin Azhar a kan ilimin lissafi da falaki, suka rasa abin ce masa, sai suka nuna masa gidan Hasan al-Jabarti. Gidan da ya zama matattarar wannan ilimi a birnin shi ne gidan da littattafan Bakatsinen suka tsaya.

Ke nan abin da ya raba Alkashinawi da Halley ba kaifin basira ba ne. Ɗaya yana aiki cikin tsarin da ke tilasta bayyana sakamako domin a gwada shi. Ɗayan ya gaji al'adar da ke umartar ɗalibi ya ɓoye abin da ya sani, ya miƙa shi baki da baki ga wanda ya cancanta. Ilimin da ake ɓoyewa ba ya samun mai gyara masa kuskure, kuma in silsila ta yanke a wuri ɗaya yakan tafi da mai shi kabari. Rubutawar da Alkashinawi ya yi, duk da gargaɗin da aka yi masa, ita ce ta sa har yau ake da abin dubawa.

Abin da ya rage a yi

Bai tsaya ga taurari da hatimai ba. Ya bar littafin nahawu mai suna Bulugul Arab, da waƙar manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus tare da sharhinta. An buga Addurrul Manzum a Alƙahira a ƙarni na 20, kuma akwai kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1967 Hassan Ibrahim Gwarzo ya buga nazari a Ibadan kan yadda Alkashinawi ya bayyana lissafin ramzi. A 1973 Claudia Zaslavsky ta gabatar da hatimansa ga masu karatun Ingilishi a littafinta kan lissafin Afirka. John Hunwick ya jera ayyukansa a kundinsa na rubuce-rubucen Larabci na wannan yanki a 1995.

Aikin da ke gaba yana buƙatar mutum mai hannu biyu. Mai Larabcin zaure yana iya karanta rubutun, amma sau da yawa ba a koya masa lissafin da zai gane ƙimar abin da ke gabansa ba. Mai digirin lissafi ko na kimiyyar sararin samaniya yana da ma'aunin, amma rubutun ya fi ƙarfinsa. A Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da Cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da kundayen gidajen malamai daga Katsina zuwa Gwandu, akwai takardun hisabi da na taurari da ke jiran waɗannan mutane biyu su zauna a tabarma ɗaya, su tantance wane jadawali aka kwafo daga Magrib, wane ne aka lissafa wa wannan ƙasa, kuma wane ne ya dace da abin da sama ke nunawa.

Buƙatar ba ta tarihi ba ce kawai. Duk shekara ana jiran sanarwar Fadar Sarkin Musulmi kan ganin watan azumi da na salla, kuma duk shekara ana tafka gardama kan matsayin lissafi a wannan hukunci. Wasu na ɗaukar lissafin falaki baƙon abu da boko ya kawo. Tarihin Alkashinawi ya nuna cewa shekara 300 da suka wuce ana karantar da shi a zauren da ake karanta Buhari da Muhtasar, kuma an karantar da shi da ingancin da ya sa wanda ya koye shi a nan ya zama malamin malamai a Alƙahira. Wanda ya san haka zai shiga waccan gardama da sanin cewa ɓangarorin biyu gadon gida ɗaya suke ja.